Injin da Na Kasa Kashewa a Libiya

A Agadas aka fara cutar mu.

Mu biyu ne daga Kafanchan. Ni Bulus, mai injin niƙa a bayan kasuwa, asalina wani ƙauye ne kusa da Zonkwa. Sai Oga Inno. Sunansa Innocent, Ibo ne, amma a kwatas ɗin reluwe aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa. Ya daɗe yana ɗaga wa jirgin ƙasa tuta, sai aka rage ma'aikata aka haɗa da shi. Ni kuma injina ya kwanta, kayan gyara sun fi ƙarfina. Aka ce akwai aiki a Libiya, muka kama hanya. Farkon shekarun casa'in ke nan.

Wanda ya sayar mana da wurin zama a Agadas wani mai haƙorin zinariya ne, ana ce masa Ɗan Tawa. Ya rantse motarsa sabuwa ce, kwana uku za mu isa. Oga Inno mutum ne mai son tsari, ya tambaye shi ko za a ba shi kujerar taga. Ɗan Tawa ya ce ta taga zai samu. Da gari ya waye muka ga motar. Ta ɗaukar kaya ce, ta girme ni, an loda mata buhuna har sama, mutane sun hau kan buhunan kamar kaji a kan rumbu. Aka ba kowa guntun sanda ya soke tsakanin buhuna ya riƙe. Oga Inno ya duba gabas ya duba yamma, ya ce mutumin bai yi ƙarya ba, ko'ina taga ce.

Ruwan da ke cikin duro an zuba masa ɗan fetur don kada mu sha da yawa. Mun sha. Duk lokacin da na yi gyatsa sai Oga Inno ya roƙi jama'a kada kowa ya kunna taba kusa da ni.

Kwana uku ya zama takwas kafin Dirku. Mutum biyu ba su iso ba. Ban san sunayensu ba. Mun rufe su da yashi, Musulmi suka yi addu'arsu, mu muka yi tamu, direba yana ta danna hon. A Dirku motar ta mutu kwana shida. Wata tsohuwa Batuba, 'yar ƙabilar wurin, ta ga yadda ƙafata ta tsattsage, ta zaunar da ni ta shafa mata kitse, ta cika mini hula da dabino. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarenta. Na ce na gode, ta kore ni da hannu kamar akuya.

A Gatrun sojoji suka sauke mu suka zazzage jakunkuna. Suka sami usur ɗin reluwe na Oga Inno. Wani ya busa, ya ji daɗinsa, ya sa a aljihu. Oga Inno ya fara yi masa bayani da Turanci cewa kayan gwamnati ne, na taka masa ƙafa. Ni garin citta na taho da shi a leda, matata ce ta ƙulla mini saboda sanyi. Babbansu ya zaci wani abu ne, ya sa hanci ya shaƙa da ƙarfi. Ya yi atishawa har hularsa ta faɗi. Yaransa suka yi dariya, ya kore mu duka don ya huce a kansu. Da haka muka shiga Libiya.

A Sabha neman aiki tsayuwa ce. Da safe baƙi za su jeru a bakin titi, kowa da alamar sana'arsa a gabansa, mai fenti da burushi, birkila da cokalinsa. Ni sifana ɗaya gare ni. Oga Inno ba shi da komai, ba mai neman mai ɗaga tuta a ƙasar da babu jirgin ƙasa. Sati uku muna cin burodi da ruwan shayi. Wani ya ɗauke mu sauke siminti yini guda, ya sallame mu da kankana ɗaya.

Ranar nan wata farar a-kori-kura ta tsaya. Balarabe ne mai tumbi a ciki, da wani baƙin tsoho a gefensa. Tsohon ya leƙo ya tambaya da Hausa, wa ya san injin. Na ɗaga sifana tun kafin in yi tunani. Ya ce wane irin injin na sani. Na ce mai shan gas, mai ƙara, mai taurin kai. Ya fassara wa Balaraben, shi kuma ya gyaɗa kai ya ce shi ne. Na ce ba na tafiya sai da ɗan'uwana. Balaraben ya dube ni, dogo baƙi, ya dubi Oga Inno, gajere mai haske, ya tambaya ko uwarmu ɗaya. Oga Inno ya ce tasharmu ɗaya. Aka karɓi fasfo ɗinmu, aka ce ajiya ce.

Balaraben shi ne Mudir Salim, shugaban tashar wutar lantarki ta wani ƙaramin gari, rabin yini daga Sabha. Ba zan faɗi sunan garin ba. Tsohon kuwa Baba Adamu ne, mutumin Sudan. Kakanninsa daga ƙasar Kano suka tashi da ƙafa za su Makka, suka yada zango a hanya, har yau ba su ƙarasa ba. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, yana ce mini ɗana.

Da aka buɗe ƙofar rumfar injin na nemi bel irin na injin niƙa ban gani ba. Na nemi fistin ban gani ba. Wani dogon ƙarfe ne kwance, tsawonsa ya kai tarago, yana wani irin ihu da ke shiga haƙori. Baba Adamu ya sa baki a kunnena ya ce sunansa gas tabain, injin jirgin sama ne aka ɗaure a ƙasa. Yana zuƙar iska ta gaba, ya ƙona mai a tsakiya, wutar ta juya fanka, fankar ta juya janareto. Garin duka a wuyansa yake. Na ce masa, Baba, ni masara nake niƙawa. Ya ce in yi shiru, wanda ya riga ni tela ne.

Kowane injin yana da abin da makanikai ke kira gwamna, ko na niƙa yana da shi. Aikinsa ya ƙara mai idan lodi ya yi nauyi, ya rage idan lodi ya sauka. Na wannan injin ya ƙone. An ce an yi odar sabo daga waje, yana cikin jirgin ruwa. Kafin ya iso sai suka ɗaura wani sitiyari a kan bawul ɗin mai, wato mabuɗinsa, suka ajiye kujerar katako a gabansa, da agogon awo biyu masu allura a bango, ɗaya na gudu ɗaya na zafi. Baba Adamu ke riƙe dare, lokacin da gari ke barci, lodi ba ya motsi. Ni aka ba rana.

“Allurar gudu ta faɗi, ka buɗe,” in ji shi. “Amma a hankali. In ka yi masa ɗura zai yi zafi, ya yi tari, ya ƙone cikinsa. Allura ta tashi, ka rufe da sauri. Amma kada ka rufe duka, wutar cikinsa za ta mutu.”

Na ce, “Baba, da sauri ne ko a hankali?”

Ya ce, “Duka biyun.”

Na gane abin da yake nufi, don na san shi a wurin niƙa. Mace ta juye kwano guda na jiƙaƙƙiyar masara a lokaci ɗaya, injin ya yi nishi kamar zai mutu. Bel ya zame, injin ya kwasa da gudu kamar zai tashi sama. Bambancin kawai, a Kafanchan ina ganin matar tana zuwa da kwanonta. A nan ba na ganin kowa.

Mai kwanon a nan shi ne injin fasa dutse na masu gina hanya, can ƙarshen gari. Shi kaɗai yana jan kusan rabin wutar. In sun kunna shi, allura ta faɗi. In sun kashe shi don salla, ko shayi, ko dutse ya maƙale, lodin ya ɓace gaba ɗaya, injina ya zabura. Lokacin da kake da shi bai fi na haɗiye yawu ba. In ka makara, akwai wani abin tsaro da ke yanke mai ya kashe injin don kada ya tarwatse. Tayar da shi kuma aikin awa shida ne.

A satin farko na makara. Shiru ya sauka kamar an toshe duniya. Kafin la'asar mai gidan burodi, da mai sayar da ƙanƙara, da wani da aka bari da rabin aski duk sun iso ƙofar tasha. Ba na jin Larabci a lokacin, amma na gane da uwata suke. A sati na biyu na yi sauri fiye da kima, na rufe duka, wutar cikinsa ta mutu. Mutanen nan suka dawo, mai askin ya zo da kansa wannan karon, da aska a hannu.

Mudir ya kira ni ofis. Ya ɗaga yatsu uku, ya lanƙwasa biyu, ya bar ɗaya tsaye a gaban hancina. Baba Adamu ya fassara: na uku, za a jefa ni a mota a kai ni iyaka. Na tuna yashin da na ƙetare, na tuna ko sabulu ban aika gida ba. Na ji tsoron yatsan nan.

Oga Inno ne ya fitar da ni. An sa shi gadin ƙofa a wurin fasa dutsen, kuma daga tagar rumfata ana hango tulin tsakuwarsu. Ya ce duk shekarun da ya yi a tashar Kafanchan jirgi bai taɓa shigowa babu sallama ba. Ya yi abota da mai kunna injin fasa dutsen, wani ɗan Chadi, ya riƙa ba shi rabin sukarinsa. Ya nemo ƙyalle biyu. Kore ba wuya a ƙasar nan, ja kuwa sai da ya yanka rigarsa ta zuwa coci. Kafin su kunna sai ya hau tulin tsakuwa ya kaɗa kore, in fara buɗewa a hankali. Kafin su kashe ya kaɗa ja, in ɗora hannu in shirya. Yana tsayawa ƙam kamar jirgin Legas ne zai wuce, har da sara wa iska.

In dutse ya maƙale babu tuta. Wannan aikin kunne ne. A hankali na fara jin muryar injin tana canzawa kafin allura ta motsa, har ta cikin audugar da na toshe kunne da ita. Hannuna ya koyi inda zai tsaya. Shekara biyu wuta ba ta ɗauke da rana ba. Mai gidan burodin da ya zagi uwata ya fara aiko mini da burodi mai zafi.

Amma wurin ba wurin zama ba ne. Babu itace, babu ciyawa, babu coci. Burukutu kuwa ko sunansa ba a faɗi. Juma'a ce hutunsu, ba a fasa dutse, sai muka mai da ita Lahadi. Oga Inno ya zo rumfata mu yi waƙoƙin sujada iya ƙarfinmu, injin ya rufe mu, ba mai ji sai Ubangiji. Shi ne fasto, ni ne jama'a. Bayan nan Baba Adamu ya kawo tuwon da ya tuƙa da garin alkama, da miyar kuka da yake samu wurin direbobi. Ba tuwo ba ne sosai. Ina ci ina kallon bango don kada su ga idona. Yakan sa in ba shi labarin gida. Na ce masa a Matsirga, kusa da Kafanchan, ruwa yana faɗowa daga kan dutse dare da rana, ba mai rufewa. Ya ce, ɗana, kai Kirista ne mai kirki, ka daina ƙarya.

Wasiƙa ta zo a hannun wani direba, ta yi wata biyu a hanya. Ban yi makaranta ba, Oga Inno ya karanta mini. Daga matata Saratu ce. Ta gaishe ni cikin sunan Ubangiji, ta ce yara suna lafiya. Ta ce Kawu Danladi, ƙanen babana, yana gaya wa mutane na mutu a hamada, kuma gonar citta da babana ya bar mini ba za ta zauna a hannun mace ba. Dattawa sun yanke magana: in ban bayyana ba kafin a gama haƙar citta, gona ta koma hannunsa. Ƙarshen wasiƙar sau biyu Oga Inno ya karanta, don ya yi masa daɗi: “Idan kana da rai ka zo. Idan ba ka da rai ka sanar da mu.”

Da gonar nan Saratu ke ciyar da yara huɗu. Saura wata biyu da 'yan kwanaki.

Na je wurin Mudir neman fasfo da takardar fita, don in babu takardarsa a shingen farko za a kulle ka. Ya rungume ni. Ya sa aka kawo shayi. Ya ce bukra, wato gobe. Gobe na koma, ya ce gwamna yana cikin jirgin ruwa, da ya iso zan tafi. Na ce jirgin nan shekara biyu yana tafiya, ko na Nuhu ya sauka kafin nan. Baba Adamu bai fassara wannan ba. Na koma sau biyar. A na biyar Mudir ya buɗe aljihun tebur ya nuna mini fasfo ɗina, ya shafa shi, ya mayar, ya kulle. Ya ce ni ɗan'uwansa ne, ba zai iya rabuwa da ni ba.

Oga Inno ya ce, ai akwai yatsa ɗaya da ya rage. Mutumin ya yi alkawari da bakinsa, na uku mota zuwa iyaka. Iyaka kuwa ita muke nema. Ba sai na fasa komai ba. Shi ba zai ɗaga ja ba, ni kuma kada in taɓa sitiyari, injin zai kashe kansa. Na je na duba asibiti da idona, suna da janaretonsu. Na ce to.

Ranar Litinin da azahar na soke hannuwana a hammata. Babu tuta a kan tsakuwa. Muryar injin ta tashi. Na ce wa kaina, Bulus, zauna. Da na duba, allura tana tsakiya, hannuna na dama yana kan sitiyari. Ban san lokacin da ya fita ba. Labari ya kai wa Mudir cewa mai tuta ya yi barci amma Bulus ya riƙe. Ya ba ni bargo mai hoton damisa a gaban ma'aikata, aka tafa.

“Bulus,” in ji Oga Inno da yamma, “cewa aka yi ka zauna. Zaman ma sai an kai ka makaranta?”

Na ce hannun ne.

“Hannun na wa?”

Ranar Laraba na bar rumfar gaba ɗaya. Bayan gida yana can baya, taku ashirin. Na shiga na sa sakata, na tsuguna da gaske don kada in sami hanyar tashi. Sai na ji shi. Ihun nan yana hawa, yana sirancewa, kamar yaro ya taka garwashi. Ban tuna na cire sakata ba, daga baya dai na ga ƙofar a ƙasa. Na iso da wando a idon sawu, na faɗa kan sitiyari. Saura ƙiris ya mutu, ya tsaya. Ina juyowa na ga Baba Adamu a bakin ƙofa da kwanon abinci. Ya dubi rufi har na ɗaure wando. Ya ajiye kwanon. Ya ce, ɗana, mai son kashe wannan injin sai ya bar hannunsa a gida.

Oga Inno ya ɗauki maganar tsohon yadda take. Ranar Asabar kafin azahar ya bar gadinsa ya zo da igiya. Ya ɗaure hannuwana ta baya ya haɗa da kujera. Igiyar ba ta isa ba, ya ƙara da jan ƙyallensa. Ya ce irin ɗaurin da suke yi wa tamfol a kan tarago ne, daga Kafanchan har Fatakwal ba ya kwancewa. Zai ɓuya a bayan tankin mai, da injin ya mutu ya dawo ya kwance ni kafin kowa ya zo. Ya ja igiyar ya gwada, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya fita.

Aka kira salla. Na rufe ido na kama waƙar sujada. Lodi ya sauka, injin ya zabura. Na ja hannu, ɗaurin reluwe ne, bai motsa ba. Na ji daɗi, na ce yau an gama. Sai na ji kujera ta tafi baya, ƙeyata ta bugi siminti. Silifa ta tashi. Babban yatsan ƙafata ya shiga tsakanin ƙarafan sitiyari ya ja. Allura ta dawo tsakiya.

Na kwanta a nan ina kallon rufi. Na zagi ƙafar. Ba ta kula ni ba. Bayan salla suka sake kunna injin fasa dutse, ta buɗe masa mai a hankali, yadda ya kamata. Oga Inno yana bayan tanki yana jiran shiru, shiru bai zo ba. A haka Mudir ya shigo ya same ni.

Ya tsaya. Ya dubi igiya, ya dubi ƙafata a kan sitiyari, ya dubi allura. Ya ɗora hannu a ka. Ya ce maƙiya sun shigo, sun ɗaure ma'aikaci don su kashe wa gari wuta, amma jarumi ya riƙe da ƙafa. Ya durƙusa ya sumbaci goshina. Bai kwance ni ba. Ya ruga wurin wayar bango zai kira jami'an tsaro.

Waɗannan mutanen in sun zo ba shayi suke kawowa ba. Za su tambaye ni wa ya ɗaure ni, kuma sun iya tambaya. Jan ƙyallen nan kuwa duk garin ya san mai shi. Gona ta tafi, Oga Inno ya tafi, ni ma na tafi.

Baba Adamu ya shigo da kwanon abinci, lokacinsa ke nan. Ya ga komai. Ya ajiye kwano, ya je kusa da Mudir ya yi masa magana da Larabci a kunne, ba ta fi numfashi uku ba. Mudir ya tsaya da kan waya a hannu. Ya mayar da shi a hankali kamar ƙwai.

Daga baya na tambayi tsohon me ya ce.

“Na ce ya kira su, ya yi daidai. Na ce za su zo har daga Sabha, su duba ko'ina, su karanta kowace takarda. Za su so su san dalilin da ya sa mutum yake zaune a inda takarda ta ce an ɗaura sabon gwamna tun shekara biyu.”

Na ce, “To jirgin ruwan fa?”

“Ɗana, ka ga benen da Mudir ya ɗora a kan gidansa? Shi ne jirgin.”

Mudir da kansa ya yanke igiyar. Ya ɗaga jan ƙyallen ya daɗe yana kallonsa. Ba wawa ba ne. Ma'aikata biyu sun riga sun leƙo sun gani, kafin yamma labarin jarumin ƙafa zai kai kasuwa, daga kasuwa ya kai inda ba ya so. In an zo neman jarumin, gara a tarar babu shi. Ya aika aka zaƙulo Oga Inno daga bayan tanki. Ya buɗe aljihun tebur ya jefa mana fasfo biyu, ya rubuta takardar fita ya buga hatimi har tebur ya girgiza. Akwai motar dabino da za ta tashi kudu da la'asar. Ya ce bai taɓa ganinmu ba, mu ma ba mu taɓa ganinsa ba.

Baba Adamu ya riƙe sitiyari har muka haɗa kaya. Sannan ya miƙe ya ce shi tsoho ne, aikin dare aka ɗauke shi, ba ya haɗa biyu. Babu wani a tashar da ya yarda ya zauna. Mudir ya tattare farar jallabiyarsa ya zauna a kujerar. Ya tambaye ni ta wane gefe ake buɗewa. Na nuna masa.

Na bar wa tsohon bargon damisa. Ya ba ni takalminsa, don silifata ɗaya ta shige ƙarƙashin injin. Ya riƙe hannuna ya ce in na bi ta Kano in yi gaisuwa. Bai ce wurin wa ba.

Muna kan buhunan dabino, mun wuce ƙarshen gari, ana jiyo injin daga nesa. Masu fasa dutse suka tashi daga aiki. Na ji muryar ta hau. Oga Inno ya danne mini hannuwa biyu, ko da yake babu sitiyari a kusa. Sai shiru. Direba ya leƙo ya tambaya me ya faru. Na ce ya tuƙa.

Dawowa ma hamada ce, ba ta rage mana komai ba. Ba zan sake faɗinta ba. Muka sauka a Kafanchan, Oga Inno ya wuce kwatas. Ni na hau motar Zonkwa na sauka a bakin gona. Saura kunya uku a gama haƙa. Kawu Danladi yana tsaye a kan iyaka da sanda, yana nuna wa wani mutum inda gonar ta tsaya. Ya gan ni, ya buɗe baki, ya duba ƙafafuna ko suna taɓa ƙasa. Na gaishe shi yadda ake gaida babba. Ya ce ashe. Na ce ashe.

Saratu tana sunkuye tana karkaɗe ƙasa daga citta. Ta ɗago ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta share hannu a zani. Na zaci za ta yi kuka, har na shirya abin da zan ce. Ta miƙo mini fartanya.

“Ka rame,” in ji ta. “Ka fara daga can.”